Kada Asabar Ta Wuce Hannunku Bai Taɓa Komai Ba

Ƙannena maza da mata, yau ba zancen neman kuɗi zan yi da ku ba, ba kuma na cin jarrabawa ba. Waɗannan kuna shan nasiha a kansu safe da yamma, daga gida har masallaci. Zancen hutu zan yi, domin na lura an koya muku yadda ake shan wahala, amma ba wanda ya zaunar da ku ya nuna muku yadda ake hutawa. Shi ya sa da yawanku in Asabar ta zo sai ku rasa yadda za ku yi da ita. A farka da hantsi, a lalubo waya a ƙarƙashin matashi, daga WhatsApp a faɗa TikTok, daga can a leƙa Facebook, kafin a ankara ladan ya kira azahar. Da la'asar a nufi gidan kallon ƙwallo, wasu har da takardar caca a aljihu. Lahadi ma haka. Ranar Litinin yaro ya tashi jiki a mace, ido ya yi nauyi, data ta ƙare, in ka tambaye shi abin da ya yi a kwana biyun nan sai ya yi ta sosa ƙeya. Ba shi da abin nunawa, ba shi ma da abin tunawa.

Kada ku ɗauka yaƙi nake da ƙwallo ko da waya. Caca dai haramun ce, ta kuma talauta samari da yawa, wannan ba sai na tsaya a kai ba. Amma kallon wasa na awa biyu tare da abokai ba aibi ba ne, waya kuma ta zama hanyar zumunci da ta neman abinci. Damuwata ita ce duk nishaɗin da kuka sani wani ne ya shirya shi, ku naku zuba ido kawai. Irin wannan nishaɗi ruwan gishiri ne, ana sha ƙishirwa na ƙaruwa. Abin da nake so muku shi ne kowannenku ya mallaki wani ɗan abu nasa na kansa, wanda yake yi da hannunsa a tsanake, ba don a biya shi ba, ba kuma don a yaba masa ba.

Hutun mako ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa makarantar allo ke tashi ranar Laraba da yamma, a huta Alhamis da Juma'a. Amma ku tambayi duk wanda ya yi almajiranci me ake yi a ranakun nan. Wanki ake yi, a dafa tawada, a fiƙe alƙalami, mai ɗinkin hula ya jawo zare da allura ya zauna a inuwa. An ajiye allo, amma hannu bai zauna ba. Asabar da Lahadi kuwa ta hanyar aikin ofis da masana'antu suka iso mana, kuma a can inda suka fito ma ba a banza aka same su ba, ma'aikata sun daɗe suna fafutuka kafin a rage musu kwanakin aiki. Sai a 1926 Henry Ford ya mayar da aikin masana'antarsa ta mota a Amurka kwana biyar a mako, wasu suka biyo baya. Addini ma bai ce mutum ya kashe kansa ba. Kun san labarin Salmanul Farisi da ɗan'uwansa Abud Darda'i, yadda Salmanu ya hana shi kwana salla da wuni azumi alhali ya yi watsi da jikinsa da iyalinsa, da maganar ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salmanu. To in har jiki da iyali suna da haƙƙin da ibadar nafila ba ta ture shi ba, yaya za a yi latse-latsen waya ya ture shi?

Bari in fara da tsohuwar mota, don ita ta fi ba matasa mamaki. A ƙasashen Turai akwai mutanen da abin sha'awarsu ke nan: mutum ya sayi motar da ta girme shi, ya ajiye ta a gareji, duk ƙarshen mako ya sa tsofaffin kaya ya shige ƙarƙashinta. A Ingila, duk Lahadin farko a watan Nuwamba, ana jerin gwanon motocin da aka ƙera kafin 1905. Su tashi daga Landan da fitowar rana su nufi Brighton a bakin teku, tafiyar kusan mil 60. Wasu kan mutu a hanya, masu su su fito su gyara, jama'a na tsaye a gefen titi cikin sanyi suna tafa musu. Gwamnatin ƙasar ma ta ɗauke wa motar da ta haura shekara 40 harajin hanya. A Kyuba kuwa larura ce ta haifar da abin. Da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi a farkon shekarun 1960, sababbin motoci da kayan gyara suka daina zuwa daga can, sai mutanen Habana suka riƙe Chevrolet da Ford na shekarun 1950 hannu bibbiyu, suna ƙera abin da ya lalace da kansu, suna dasa musu injin wata motar. Har yau suna yawo a titi, baƙi na biyan kuɗi don a zaga gari da su.

Mu ma muna da tamu, sai dai ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Fijo 504 nake nufi. An fito da ita a Faransa a 1968, shekarar da ta biyo aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, inda hanya ba ta da tausayi. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ta kuma ci gaba da fitar da 504 fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983. Ita ce motar sakatare da alƙali da hakimi, ita ce motar 'yan sanda, doguwarta kuma ita ke jigilar fasinja daga Kano zuwa Jos, daga Sakkwato zuwa Kaduna, kaya ɗaure a sama. Tana da tsayi daga ƙasa, tana da haƙurin rami, kuma duk ƙauyen da ta mutu za a sami wanda ya san ciwonta. Yau ina suke? Wasu na kwance a bayan gidaje, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Wasu an sayar wa 'yan gwangwan an auna su a sikeli. Wannan abu yana yi mini ciwo, don da hannun iyayenmu aka ɗaura motocin nan a Kaduna.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, da bai yarda tasa ta bi wannan hanya ba. Fara ce, salun, kujerunta na asali. Ranar Asabar bayan ya karya kumallo zai fito da ita ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, ya jera sifana da filaya da sukundireba a kai. Ba ya gaggawa. Zai fara zaro ma'aunin baƙin mai ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya murza man tsakanin yatsu biyu ya ji kaurinsa. Ya duba ruwan lagireto, ya danna fanbel da babban yatsa ya ji ko ya saki. Daga nan sai fulogi. Zai kwance su ɗaya bayan ɗaya, guda huɗu, ya jera su yadda suka fito don kada su cakuɗe, ya ɗaga kowanne ya duba bakinsa a hasken rana. Yaran da suka kewaye shi yakan nuna musu: in bakin ya yi baƙin hayaƙi busasshe, fetur ya yi wa iska yawa, kafireta na son gyara, in ya jiƙe ya yi danƙo, baƙin mai ne ke haurowa, ciwon ya fi zurfi, in kuwa ya yi launin ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Ranar da zai wanke kafireta, a tsohon kwanon sha yake zuba ɗan fetur, ya jiƙa ƙananan ƙusoshin nan masu siririyar huda, ya busa, ya ɗaga ya hango haske ta cikin hudar kafin ya mayar. In ya gama ɗaurawa sai ya sa wani yaro ya murza makulli, shi kuma ya sunkuya ya kasa kunne, sukundireba a hannu, yana juya ƙusa kaɗan-kaɗan har ƙarar injin ta daidaita. A nan za ka ga fuskarsa ta saki.

Ba wani wuri mai nisa yake zuwa da ita ba: masallacin Juma'a, gidan 'yarsa, wani lokacin ɗaurin aure. Amma cikin tsararrakinsa ban san mai natsuwa irin tasa ba, kuma yaran da suka taso suna miƙa masa sifana sun san abin da yawancin masu manyan motoci ba su sani ba. Ya kuma koya musu abin da ke tsare rai. Ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ba a zuƙo fetur da baki, ba a kuma barin inji yana aiki a rufaffen ɗaki.

Na san abin da za ku ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ke da mota ma ajiye ta yake yi, balle ɗalibi ko mai neman aiki. Gaskiyarku. Wasunku ma ba su san wata aba Asabar ba, don shago da acaɓa kwana bakwai ne. Wasu kuma, saboda rashin aikin yi, kullum Asabar ce a wurinsu, kuma wannan zama ya fi kowane aiki gajiyarwa. Ba cewa nake ku sayi mota ba. Duk abin da ke da ƙusar da za a kwance a ɗaura ya wadatar. Akwai keken Raleigh na kakanku jingine a zaure, akwai Besfa da ta shekara goma ba a taka ta ba, akwai keken ɗinkin mahaifiyarku da ya daskare don rashin mai, akwai fanka da rediyo da ƙaramin janareta. Ku nemi izini ku jawo ɗaya. Kayan gyara na nan a Ƙofar Ruwa a Kano, suna nan a Fanteka a Kaduna, kowane gari da irin tasa kasuwar. In kun rasa na gida, ku je garejin unguwa ku gaida mai garejin da ladabi, ku ce kuna so ku riƙa zuwa kuna kallo kuna miƙa kaya. Da wuya ya kore ku. Tsohon inji yana da wata falala: komai nasa a fili yake, ido na gani, kunne na ji. Motocin yanzu sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi ciwonsu. Wanda ya taɓa tayar da mataccen inji da hannunsa ya rabu da tsoron abin da ya lalace, kuma wannan ƙarfin hali yakan bi shi har cikin sauran al'amuransa.

Daga gareji sai mu shiga madafi. Cikin abubuwan da Turawa ke sha'awar yi a gida akwai haɗa giyar inabi. A Italiya da Faransa da Fotugal iyalai kan matse inabi bayan girbi, su zuba a ganga ko manyan kwalabe, su jira watanni. Wannan ba namu ba ne, addininmu ya haramta, magana ta ƙare. Amma abin da ke jan su, wato a haɗa abu a rufe a bar lokaci ya yi aikinsa, ba su fi mu shi ba. Yana nan a madafin iyayenmu mata, kuma ta hanyar halal. Ku dubi daddawa. Kalwa ce, 'ya'yan ɗorawa, a wuni ana dafa ta, a surfa a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta nuna yadda ake so, sannan a kirɓa a shanya. Kindirmo madara ce da aka dafa, aka sa mata ɗan tsohon nono, aka rufe ta kwana. Ilimi ne babba, kuma yawancin masu shi ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba.

Ku gwada wainar shinkafa ku gani. Aikinta tun ranar Juma'a yake farawa. Bayan an sauko daga masallaci a jiƙa shinkafar tuwo, a ɗebi kaɗan a dafa ta yi luguf, a bari ta huce. Da yamma a tsame wadda aka jiƙa, a wanke, a haɗa da dafaffiyar a kai markaɗe, a ja wa mai injin kunne kada ya cika ruwa. A sa yis, a juya, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi. Shi ke nan, sai a kwanta. Da asuba in ka ɗaga murfin za ka tarar ƙullun ya taso ya kusa cika roba, samansa duk ƙananan ƙofofi, yana wani ƙamshi mai ɗan tsami. A nan gwaninta take. Lokacin zafi ƙullu kan yi saurin tashi har ya zarce, sai an kashe tsamin da ɗan ruwan kanwa. Da hunturu kuma sai ka lulluɓe robar da bargo, wani lokacin ka ƙara jira har hantsi. Ba agogo ne ke gaya maka ya yi ba, hanci ne da ido. A sa gishiri da sukari da yankakkiyar albasa, a ɗora tanda a wuta marar ƙarfi, a ɗiga mai a kowane gurbi, a zuba ƙullu da ludayi. In gefen ya fara ja, tsakiya ta huhhuje, a sa cokali a juya. Zubin farko yakan kama tanda ya farfashe. Kada wannan ya karya muku gwiwa, tandar ce ba ta gama ɗaukar zafi da mai ba. In akwai miyar taushe da ta ji kabewa da alayyafo da gyaɗa, madalla. In babu, ƙuli-ƙuli da yaji sun isa. Ku zuba a faranti ku fara kai wa iyaye, sannan maƙwabta.

Samari, da ku nake wannan maganar musamman. Ban san inda muka samo cewa shigar namiji madafi abin kunya ne ba. Wa ke yin tsire da balangu da kilishi? Wa ke soya ƙwai da dafa taliya a teburin mai shayi? Maza ne, kuma ba wanda ya ce sun zubar da girma. Ashe ba girkin ake kunya ba, yi wa na gida ake kunya. Alhali Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida, yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Ku kuma lura da wani abu da ba kasafai ake faɗa ba: mahaifiyarku da yayyenku mata ba su da Asabar. Abin da zai zama nishaɗi a wurinka, a wurinsu aikin kullum ne, sau uku a rana. In ka karɓi girkin yini ɗaya, kai ka sami abin sha'awa, ita kuma ta sami hutun da ta daɗe ba ta gani ba. 'Yan mata kuwa, in girki ya ishe ku a sauran kwanaki, ba dole ba ne ya zama shi ne hutunku. Ku dasa zogale da tumatir da na'ana'a a buhu, ku kwance keken ɗinkin nan ku ga yadda cikinsa yake, ku ɗauki littafi. Ba a ce sukundireba ta maza ce kaɗai ba.

Akwai kuma gaggawa a cikin lamarin. A da kusan kowane gida akwai wadda ta iya alkaki da nakiya da dubulan. Yau in za a kai gara sai a ba da kwangila, tsofaffin da suka iya kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ku ɗauki littafi da biro ku zauna kusa da kaka. Za ta ce a sa daidai, a jira ya yi. Ku roƙe ta ta ɗeba da hannunta, ku kuma ku auna da gwangwani ku rubuta.

Karatu na bari sai yanzu don shi ya fi arha, shi kuma aka fi gudu. Makaranta ta sa da yawanku kun ɗauka littafi abin jarrabawa ne, in an gama a jefar. Ba wannan karatun nake nufi ba. Ina nufin ka jawo tabarma ka buɗe labari don kawai kana so ka ji yadda za ta kaya. Ku fara da namu. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Ku dubi shekarun biyun farko. An haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912, ke nan ba wanda ya kai shekara 25 a cikinsu. Malaman makaranta ne, ɗaya a Katsina ɗaya a Bauchi, rubutun a gefen aiki suka yi shi. Daga baya ɗaya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ɗaya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Tsararrakinku ne lokacin da suka rubuta abin da har gobe ake karantawa.

Magana Jari Ce littafi uku ne, kuma bai fi daɗi ba sai an karanta shi da murya. Ku tara ƙannenku bayan isha'i ku karanta musu labari ɗaya daga bakin akun da ke ba da labaran cikinsa, ku ga ko ba za su nemi ƙari ba. In kun ƙoshi da na farko ku gangaro: So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. A shekarun 1990 iyayenku mata hayar irin waɗannan littattafai suke yi a shago, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya fita. Wanda ke jin Larabci ko Ingilishi ko Faransanci ya haɗa da su, tarihi ne ko labarin tafiye-tafiye ko rayuwar wani bawan Allah. Na san yanzu da yawa a waya kuke karanta labarai, kuma ya fi babu. Amma na fi so muku takarda, don a takarda ba saƙon da zai faɗo ya yanke muku zance. Ɗakin karatu na Murtala Muhammed na nan a Kano, masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi na nan a kowane babban gari, akwatin mahaifinku ma ku bincika. Da farko hankali zai yi ta tsalle, shafi biyu ka ji hannu na neman aljihu. Ku daure, yana wucewa. In kuma littafi ya ƙi shiga bayan kun ba shi haƙƙinsa, ku ajiye ku ɗauki wani, ba wanda zai tambaye ku.

Abu biyu zan ja muku kunne a kai. Zamanin nan ya cusa muku cewa duk abin da bai kawo kuɗi ba ɓata lokaci ne. Da wainarku ta yi kyau wani zai ce ku fara sayarwa, da kun tayar da janareta wani zai ce ku buɗe shago. In Allah ya sa abin ya zama sana'a, alhamdu lillahi, an sha ganin haka, kuma a wannan hali da ake ciki ba mai raina hanyar abinci. Amma kada ku fara da lissafin riba, don ranar da ciniki ya shigo mai saye ne zai riƙa yanka muku lokaci, hutun ya koma aiki. Ko da kun mayar da ɗaya sana'a, ku bar wa kanku wani da ba na sayarwa ba. Sannan kada ku yi don a ɗauka a watsa. Da zarar kun kafa waya tana ɗaukarku, hankalinku ya bar tanda ya koma kan masu kallo, in ba su yaba ba ranku ya ɓaci, alhali wainar ta yi daɗi kuma mutanen gida sun cinye.

Ba kwana biyun duka nake roƙo ba. Ɗaurin aure na nan, islamiyya na nan, dubiya da ziyarar dangi na nan, kuma duk sun fi abin da na lissafa muhimmanci. Daga karin kumallo zuwa azahar na yini ɗaya kawai nake roƙa, wanda ba shi da Asabar ya ware duk ranar da ta samu. Ku zaɓi abu ɗaya, ku nemi babban da ya iya shi a gidanku ko a unguwarku, ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce ya koya muku. Ku je tun suna raye kuma da sauran ƙarfinsu, kada ku ce sai wani makon. Allah ya yi muku albarka.